Darasi: Dokokin Yanka DNA a Cikin Ƙwayar B

Duk macen da ta raini yara ta san cewa yaron da ya yi ƙyanda ya tashi, da wuya ta sake kama shi har ya tsufa. Jikinsa ya riga ya shaida ƙwayar cutar, duk ranar da ta dawo zai gane ta, ya kashe ta tun kafin ta kwantar da shi. Allurar rigakafi ma da wannan baiwar ta dogara: a nuna wa jiki ƙwayar cutar da aka raunana, ko wani ɓangare nata, ya shaida ta ba tare da ya sha wahalar ciwon ba.

Abin da ke yin wannan shaidar wani furotin ne mai suna antibodi. Siffarsa irin ta harafin Y ce, kuma sarƙoƙi huɗu aka haɗa aka yi shi, manya biyu iri ɗaya da ƙanana biyu iri ɗaya. A ƙarshen kowane reshe, inda bakin babbar sarƙa ya haɗu da na ƙarama, nan ne wurin kamu. Kowane antibodi abu guda yake kamawa. Wanda ya dace da ƙwayar ƙyanda ba ya tsinana komai a kan ta shan-inna, wanda ya dace da ta sanƙarau kuma bai san ta kwalara ba.

Masu ƙera antibodi wasu fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira ƙwayoyin B. A jikin ɗan tayi a hanta ake fara yin su, bayan haihuwa kuwa a cikin ɓargo, kuma ɓargo ba ya daina fitar da sababbi har ƙarshen rai. A jikin kaza aka fara gano asalinsu. A 1956 Bruce Glick, a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, ya lura cewa 'yan tsakin da aka cire wa wata 'yar jaka mai suna bursa, wadda ke kusa da dubura, sun girma ba sa iya yin antibodi. A 1965 Max Cooper da Robert Good suka nuna cewa waɗannan ƙwayoyin garkuwa gida biyu ne: na B da ke girma a bursa, da na T da ke girma a taimus, wata 'yar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji. Mutum ba shi da bursa, ɓargo ne ke yi masa aikinta.

Ƙwayar B da ta fito daga ɓargo tana yawo ne da antibodinta kafe a bayanta. Ranar da ta yi karo da abin da ya dace da shi, sai ta hayayyafa, 'ya'yanta su riƙa zubo antibodi dubbai a daƙiƙa guda, wasu kuma su zauna shekaru suna jiran dawowar cutar. Darasinmu na yau bai kai nan ba. Za mu tsaya a cikin ɓargo ne, mu ga yadda ƙwayar take samun antibodin nata tun farko.

Lissafin da ya ƙi fita

A cibiyar kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai DNA, dogon zare da aka rubuta da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T. Zaren ya kasu gida 46, kowane kashi ana ce masa kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. A jikinsa ne umarnin ƙera kowane furotin yake rubuce, abin da aka fi sani da ƙwayoyin gado. A nan za mu riƙa ce musu umarnin gado, don kada su rikice mana da ƙwayoyin jini da na cuta. Yawansu a jikin mutum kimanin 20,000 ne, kuma da su ake gina komai, ido da hanta da gashi da ƙashi.

To ga inda gizo ke saƙar. Jiki yana iya yin antibodi iri-iri har biliyoyi. Korona da ta ɓulla a ƙarshen 2019, babu kakan wani da ya taɓa haɗuwa da ita, amma cikin 'yan makonni jinin waɗanda suka kamu ya cika da antibodin da ya dace da ita. In da kowane antibodi yana da umarninsa daban, da DNA ɗinmu gaba ɗaya bai isa ba.

A 1965 wasu masana biyu a Amurka, William Dreyer da Claude Bennett, suka kawo shawarar cewa sarƙar antibodi ba daga umarni guda take fitowa ba, guda biyu ake haɗawa. Da yawa ba su karɓa ba, domin abin da aka yarda da shi a lokacin shi ne DNA ba ya sauyawa: yadda yake a ƙwayar ido haka yake a ta hanta, daga ciki har kabari. Sai a 1976 Susumu Tonegawa, ɗan ƙasar Japan da ke aiki a birnin Bazel na Suwizalan, shi da Nobumichi Hozumi suka gwada DNA na ɗan tayin ɓera da na ƙwayoyin da suka riga suka soma yin antibodi. A ɗan tayi, ɓangarori biyu na umarnin ƙaramar sarƙa suna nesa da juna. A ƙwayar da ke yin antibodi kuwa sun matso sun haɗe. Wato ƙwayar B da kanta take yanka DNA ɗinta, ta sake jona shi. Wannan aikin ne ya sa aka ba Tonegawa kyautar Nobel a 1987.

Ku kwatanta da telan da aka ba dogon yadi guda, an jera masa zane iri-iri a kai: kashin farko na gaban riga ne, na biyu na wuya, na uku na aljihu, kowane kashi da kaloli da yawa. Zai zaɓi ɗaya daga kowane kashi, ya yanke abin da ke tsakani ya yar, ya ɗinke ukun. Yadi iri ɗaya aka ba kowane tela, amma da wuya riguna biyu su fito iri ɗaya.

Umarnin babbar sarƙa yana kan kuromosom na 14, a gutsattsari kashi uku: V masu aiki kimanin 40, D guda 23, J guda 6. Ku ninka 40 sau 23 sau 6, za ku sami 5,520. Ƙaramar sarƙa iri biyu ce, kuma ba ta da D. Kappa tana kan kuromosom na 2, da V kimanin 40 da J guda 5, wato 200. Lamda tana kan na 22, da V kimanin 30 da J 4 ko 5, mu ce 120. Jimla 320. Tunda kowace babbar sarƙa tana iya haɗuwa da kowace ƙarama, 5,520 sau 320 ya ba mu 1,766,400. Sauran bambancin daga bakin ɗinkin yake fitowa. Kafin a jona, ana ɗan datse haruffa daga bakin kowane gutsure, sannan wani furotin mai suna TdT ya cusa wasu sababbi, duk harafin da ya zo masa. Da wannan ne masana ke ƙiyasta cewa nau'o'in da za su iya fitowa sun haura biliyan 100.

Ku lura da abu guda: ƙwayar B ba ta ga cutar komai ba lokacin da take wannan haɗin. Tun kafin cuta ta zo ake tara antibodi barkatai, da fatan a cikinsu za a sami wanda ya dace.

Dabarar tana da ban sha'awa, amma a ganina abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne yadda ba ta halaka mu. Babu lahanin da ya fi tsinkewar zaren DNA haɗari ga ƙwayar halitta. Shi ne irin ɓarnar da tururin nukiliya ke yi, kuma in aka jona shi ba daidai ba yana iya zama mafarin sankara. Ga shi kuma miliyoyin ƙwayoyi a ɓargonmu suna tsinka nasu da gangan kowace rana. Dole ke nan a sami dokoki masu tsauri a kan inda za a yanka, da lokacin da za a yanka, da kuma lokacin da za a ajiye almakashi.

Almakashi da alamar yanka

Almakashin furotin biyu ne da ke aiki tare, RAG1 da RAG2. David Schatz da Marjorie Oettinger ne suka gano su a ɗakin binciken David Baltimore a Amurka, na farko a 1989, na biyu a 1990. Umarnin ƙera su yana cikin kowace ƙwayar jiki, amma ƙwayoyin B da na T masu tasowa ne kawai ke kunna shi. Ƙwayar fata ko ta zuciya ba ta taɓa riƙe wannan almakashin.

RAG ba ya yanka inda ya ga dama. A gefen kowane gutsure akwai alama: haruffa 7, sai tazara, sai haruffa 9. Tazarar iri biyu ce, mai haruffa 12 da mai 23, kuma RAG ba ya yanka sai ya riƙe mai 12 a hannu ɗaya da mai 23 a ɗayan. Ku duba amfanin wannan a babbar sarƙa. V yana da 23, J ma 23, D kuwa yana da 12 a gefensa biyu. Saboda haka V ba zai jonu da wani V ba, ba kuma zai tsallake D ya jonu da J ba. A ƙaramar sarƙa, da babu D, ɗaya ne ke da 12 ɗayan 23, sai su jonu kai tsaye.

Akwai kuma dokar lokaci. Kafin ƙwaya ta rabu biyu sai ta kwafi DNA ɗinta duka, kuma tsinkewar zare a lokacin kwafi ita ce ta fi saurin jawo jonin kuskure. Don haka da zarar ƙwayar ta doshi kwafi, sai ta lalata RAG2. Yanka da hayayyafa ba sa haɗuwa a lokaci guda.

Abin da aka naɗe ba ya yankuwa

Waɗannan dokokin ba su isa ba. Wuraren da ke ɗauke da irin waɗannan alamomin a DNA guda 7 ne, uku na antibodi, huɗu na furotin ɗin da ƙwayar T ke gane cuta da shi. Almakashin ɗaya ne, alamar ma ɗaya ce. Me ya hana RAG auka musu duka a lokaci guda? Me ya sa ƙwayar T ba ta kammala haɗa umarnin antibodi, kuma me ya sa ƙwayar B take fara babbar sarƙa kafin ƙarama?

Amsar ta fara fitowa a 1985 daga George Yancopoulos da Frederick Alt na Jami'ar Kolambiya a birnin New York. Don ku fahimce ta, ku san cewa DNA na ƙwaya guda in aka miƙe shi ya kai kimanin mita biyu, cibiyar da yake ciki kuwa faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Yadda yake shiga shi ne an nannaɗe shi a jikin wasu dunƙulallun furotin da ake kira histon. Wani wurin naɗin a sake yake, wani wurin a tsuke tamau, kuma inda ya tsuke babu furotin da ke iya kaiwa ga haruffan. Abin da Yancopoulos da Alt suka gani shi ne, daf da lokacin da ƙwayar B za ta jona V, takan soma karanta gutsattsarin V tun ba a jona su ba, tana fitar da kwafin da ba a ƙera furotin da shi. Suka ce wannan alama ce ta cewa an warware wurin. Wato abin da ake sarrafawa shi ne buɗewa da rufewar DNA. Tela ba ya yanka yadin da ke naɗe a turminsa, sai wanda aka shimfiɗa masa.

Shekaru sun tabbatar da maganarsu, aka kuma gano yadda abin ke gudana. A cikin yankin babbar sarƙa, bayan gutsattsarin J, akwai wani gajeren wuri da aka gano a 1983, wanda za mu kira makunni. Idan furotin na musamman suka hau shi, sai karatu ya kankama a kewaye. Inda ake karatu kuwa ana liƙa wa histon wata alamar sinadari, kuma a 2007 aka gano cewa RAG2 yana da ɗan gurbi a jikinsa da ke kama daidai wannan alamar. Ke nan wurin da aka buɗe shi ne da kansa yake jawo almakashi. Har mazaunin yankin a cikin cibiya yana sauyawa. A 2002 aka nuna cewa a ƙwayoyin da ba na B ba, yankin babbar sarƙa yana maƙale a bangon cibiya, inda umarnin da aka kashe suke taruwa, amma a ƙwayar B mai tasowa yakan baro bango ya dawo tsakiya.

Masu ba da izinin buɗewar wasu furotin ne da ke hawa DNA su kunna wani umarni, su kashe wani. Uku ne manya a nan, kuma bi da bi suke zuwa: E2A, sai EBF1, sai Pax5. Pax5 shi ne mai ɗaure ƙwayar a kan hanyar zama B. A 1999 ɗakin binciken Meinrad Busslinger a birnin Biyana na Ostiriya ya nuna cewa ƙwayoyin ɓera da aka cire wa Pax5 sukan tsaya a matakin farko, kuma in aka sauya musu mahalli sai su rikiɗe su zama wasu ƙwayoyin daban, har da masu haɗiye ƙwayoyin cuta da masu narkar da ƙashi.

Pax5 yana da wani aikin da ya shafe mu kai tsaye. Yankin babbar sarƙa dogo ne ƙwarai, a ɓera ya kai haruffa kimanin miliyan 2.8. RAG yana zaune ne a can ƙarshe, wajen D da J. In aka bar abin haka, gutsattsarin V na kusa ne kawai za a riƙa ɗauka, na nesa su tashi a banza, bambancin antibodi ya ragu. A 2004 mutanen Busslinger suka nuna cewa Pax5 yana sa yankin ya tattaru, nesa ta zo kusa. Daga baya aka gano mai janyowar: wani furotin mai siffar zobe, kohisin, wanda ke hawa zaren ya riƙa zuƙo shi ta cikinsa, gutsattsarin V suna wucewa ta gaban RAG ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani furotin, Wapl, da aikinsa shi ne sauke kohisin daga kan zare. A 2020 aka nuna cewa Pax5 yana rage yawan Wapl, sai zoben ya daɗe a kan zaren, ya janyo har na can ƙurya.

Jarrabawar farko da ajiye almakashi

Ga yadda aikin ke tafiya. Ƙwayar takan fara jona D da J, a kuromosom na 14 na uwa da na uba duka. Jona V kuwa a ɗaya take fara gwadawa. A nan ne matsalar TdT take bayyana. Haruffan DNA uku-uku ake karanta su, kuma tunda an datse wasu an cusa wasu ba da lissafi ba, sau ɗaya cikin uku ne kawai adadin ke faɗawa daidai. Sauran biyun karatun yakan goce, abin da ya biyo baya ya zama shirme. A sauƙaƙen lissafi, cikin ƙwayoyi 9, uku za su dace a gwajin farko. Shidan da suka rage za su koma kan ɗaya kuromosom ɗin, biyu su dace. Huɗu sun ƙare damarsu, sai su mutu a cikin ɓargo. Kusan rabi ke nan ake asara a wannan matakin kaɗai, kuma jiki ya ɗauki wannan asarar a kan ya saki ƙwaya mara amfani.

Wadda ta sami babbar sarƙa sai ta gwada ta. Ƙaramar sarƙa ba ta samu ba tukuna, don haka akwai ta wucin gadi da ake haɗawa da furotin biyu, VpreB da lamda-5. Idan babbar sarƙar ta naɗu da kyau ta rungumi ta wucin gadin, su biyun sukan hau bayan ƙwayar su aika saƙo ciki, ta hannun wasu furotin, cikinsu har da BTK.

Wannan saƙon shi ne zuciyar darasinmu. Da isarsa sai a kashe RAG, a warware tattaruwar da Pax5 ya jawo, gutsattsarin V su koma nesa, ɗaya kuromosom ɗin da ba a kammala ba ya rufu. Sannan ƙwayar ta rabu sau biyar ko shida, sarƙa guda mai kyau ta zama ta ƙwayoyi 30 zuwa 60, kowacce za ta nemo mata ƙaramar sarƙa daban.

Me ya sa sai an rufe ɗaya kuromosom ɗin? A yawancin umarnin gado, na uwa da na uba duka suna aiki. A nan kuwa an hana, domin ƙwayar B guda antibodi iri guda ake so ta ɗauka. Ku ɗauka wata ƙwaya tana da iri biyu, ɗaya na kama ƙwayar ƙyanda, ɗayan na kama jan jinin mai ita. Ranar da ƙyanda ta zo ƙwayar za ta hayayyafa ta zubo duka biyun, maganin cuta ɗaya ya zo da wata cutar. Ina ganin ajiye almakashi a kan kari ya fi iya yanka wahala, kuma shi ya fi muhimmanci.

Ƙaramar sarƙa da damar gyara

Bayan hayayyafa ta lafa sai a sake kunna RAG, amma yanzu yankin kappa ne a buɗe. A ɓeraye an nuna cewa wani saƙo mai suna IL-7, da ƙwayoyin da ke rainon B a ɓargo suke fitarwa, yana riƙe kappa a rufe tun farko, sai ƙwayar ta yi nesa da shi sannan wurin ya buɗu. Kappa ake fara gwadawa, in ta gagara a koma lamda. A mutum kimanin kashi 60 cikin ɗari na ƙwayoyin B kappa suke ɗauka, 40 lamda. Likitoci suna amfani da wannan: in aka duba kaluluwa aka tarar ƙwayoyin B ɗinta duk kappa ne ko duk lamda, alama ce daga uwa guda suka fito, abin da ke nuna sankara.

Cikakken antibodi ya hau bayan ƙwaya, sai jarrabawa ta biyu: ko yana kama wani abu na jikin mai shi? Tunda ba da lissafi aka haɗa shi ba, hakan na faruwa fiye da yadda za ku zata. A 2003 ɗakin binciken Michel Nussenzweig a Jami'ar Rockefeller ya gano cewa kashi 55 zuwa 75 cikin ɗari na ƙwayoyin B na mutum, a farkon wannan matakin, antibodinsu yana kama jikin mai su. Ba nan take ake kashe su ba. A 1993 David Nemazee da Martin Weigert, kowanne da mutanensa, sun nuna cewa irin wannan ƙwayar takan bar RAG a kunne, ta ɗauko wani V daga baya ta jona da wani J na gaba, ta yar da tsohon jonin. Sabuwar ƙaramar sarƙa na iya sauya wurin kamun gaba ɗaya. Wadda gyara ya karɓe ta sai ta kashe RAG ta fita zuwa jini da saifa. Wadda ta ƙare gutsattsarinta ba ta gyaru ba, ita ake kashewa.

Idan doka ta karye

Jaririn da ya gaji RAG mara aiki daga uwa da uba duka ba ya da ƙwayar B ko ta T. A 1996 aka tabbatar da wannan a mutane. Yadda ake gadonsa irin na sikila ne: iyaye biyu lafiyayyu masu ɗauke da shi, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, kuma ya fi yawa a inda auren zumunci ya yawaita. Irin wannan jaririn yakan yi ta fama da gudawa da ciwon huhu da farin baki da ba ya jin magani, kuma in ba a yi masa dashen ɓargo ba da wuya ya wuce shekara biyu.

Idan BTK ne ya lalace, saƙon jarrabawar farko ba ya isa, ƙwayoyin B su maƙale a ɓargo. Wani likitan sojan Amurka, Ogden Bruton, shi ya fara bayyana ciwon a 1952 a jikin wani yaro ɗan shekara 8, aka gano umarnin a 1993 a kan kuromosom X, shi ya sa maza yake kamawa. Yaro mai wannan ciwon yakan yi kimanin wata shida lafiya lau da antibodin da uwarsa ta ba shi tun yana ciki, da sun ƙare sai ciwon kunne da na huhu su yi ta dawowa. Maganinsa ƙarin antibodi ne da ake tacewa daga jinin wasu, duk bayan mako uku ko huɗu.

Ɗaya haɗarin shi ne jonin kuskure. Makunnan yankin antibodi masu ƙarfi ne ƙwarai, duk umarnin da ya faɗo kusa da su ba zai sake mutuwa ba. A wata sankarar kaluluwa ta manya, yankan RAG a kuromosom na 14 yakan jonu da na 18, inda BCL2 yake, umarnin da ke hana ƙwaya mutuwa.

Wadda ta fi shafarmu ita ce sankarar Burkitt. Denis Burkitt, likitan fiɗa a asibitin Mulago da ke Kampala ta Yuganda, ya bayyana ta a 1958, bayan ya yi ta ganin yara da kumburin muƙamuƙi. Da aka bi sawunta sai aka ga ta fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma Nijeriya tana cikin wannan yankin. A 1964, a cikin ƙwayoyin wannan sankarar aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr. A nan ba RAG ne mai laifi ba. Bayan ƙwayar B ta bar ɓargo ta haɗu da cuta, akwai zagaye na biyu na taɓa DNA a kaluluwa da saifa, don a ƙara wa antibodi kaifi, kuma mai yin sa wani furotin ne, AID, da ɗakin binciken Tasuku Honjo a Kyoto ya gano a 1999. Zazzaɓin da ke ta maimaituwa yana tilasta wa ƙwayoyin B hayayyafa ba hutu da AID a kunne, Epstein-Barr kuma tana hana waɗanda suka lalace mutuwa. A kimanin kashi 80 cikin ɗari na masu ciwon, umarnin MYC da ke kuromosom na 8, mai sa ƙwaya rabuwa, shi ne ya jonu da yankin babbar sarƙa a na 14.

Ciwon ya fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 7, maza fiye da mata, a muƙamuƙi ko kewayen ido ko ciki, haƙora su soma girgiɗi ba dalili. Ƙwayoyinsa suna iya ninka yawansu cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan saurin ne kuma ya sa yake jin maganin sankara sosai, yara da yawa suna warkewa sarai in an fara da wuri. Kumburin fuska ko na ciki da ke ƙaruwa cikin kwanaki a jikin yaro ba na sakiya ba ne, ba kuma na jira a ga abin da hali zai yi ba. A kai shi babban asibiti a makon da aka gan shi.

Aikin gida

Ku ɗauki ƙwayoyin B 90 da ke shirin jona V, ku lissafa nawa za su dace a kuromosom na farko, nawa a na biyu, nawa za su mutu. Sannan ku zana V da D da J a takarda, ku rubuta 12 ko 23 a gefen kowanne, ku nuna da kibiya jonin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. A ƙarshe ku rubuta layi biyar da kalmominku a kan abin da ya sa ƙwayar B take kashe RAG da zarar babbar sarƙarta ta ci jarrabawa. Ku zo da takardunku ranar darasi na gaba, da su za mu fara.